Jinin Rugar Wakili

Litinin, 9 ga Fabrairu, bayan La'asar

Yau ma ba wuta. Tun da taransifomar layinmu ta ƙone, masu gyara suka ce ba mai hawa falwaya a irin wannan lokaci na hare-hare, kuma ban ga laifinsu ba. Janareta ke riƙe da mu, shi ma saboda Gwaggo kawai ake tayar da shi.

Gwaggo ita ce babbar firizar ɗakin bincikenmu. Alfred, abokin aikina, shi ya raɗa mata sunan, wai ci take yi ba godiya, in kuma ranta ya ɓaci sai duk unguwa ta ji kukanta. A goshinta akwai lamba mai nuna sanyin cikinta ƙasa da sifili. In lambar tana wajen tamanin, lafiya lau. In ta fara sauka, abin da ke ciki ya kama hanyar lalacewa. Abin da ke ciki kuwa jinin mutanen rugar Bappa Wakili ne, akwati huɗu, wahalar shekara biyu. Bakkale muke nema a ciki, ciwon nan da ke sa shanu ɓari, yake sa masu shanun zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya. Sinadarin gwajin ƙarshe muke jira daga waje tun kafin Kirsimeti.

Mun kashe duk sauran kaya. Injin juya jini, tukunyar dafa kayan aiki, har butar shayi. Madubin duba ƙwayoyin cuta mun lulluɓe shi da leda.

Gwaggo, saba'in da tara. Na gaji.

Talata, 10 ga Fabrairu, da azahar

Farfesa, shugabanmu, ya kira. Tun watan jiya ya tafi taro Abuja, kuma taron nan har yau bai tashi ba.

"Suwaiba, ki shirya akwatunan. Zan turo mota da busasshiyar ƙanƙara a kai su Jos."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi wa mutanen alƙawari."

"Yana cikin takardar da suka dangwala wa hannu?"

"A'a."

"To ba alƙawari ba ne, hira ce."

Hira. Da a gabana yake ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Sau uku muka je rugar, can gaba da Bajoga ta bakin kogi, ana ba mu tabarma ana ce mana sai an yi shawara. Sun ji labarin masu ɗibar jinin mutane su sayar a ƙasar waje. A zuwa na huɗu Bappa Wakili, wanda shi ne bakin rugar, ya zaunar da ni a gaban dattawa ya ce abu biyu suke so. Jinin ba zai bar ƙasar Gombe ba. In an gama kuma, abin da ya rage ba za a zuba a kwata ba, za a dawo musu da shi su binne, don jini ɓangaren mutum ne. Na ce na ɗauka. Aka kawo ƙwaryar nono ɗanye, wanda ba a tafasa ba, ainihin hanyar da ciwon ke bi ya shiga mutum. Alfred na ta zare mini ido. Na kafa kai na sha, don na san in na ajiye ƙwaryar nan ba wanda zai miƙo hannunsa. Washegari mata da maza suka yi layi.

Wannan ce hirar.

Zan nemi Bappa Wakili. In ya ce a kai Jos, a kai. Shi ya ɗaura, shi zai kwance.

Laraba, 11 ga Fabrairu, da safe

Wayarsa a kashe.

Alhamis, 12 ga Fabrairu, bayan Magariba

A kashe. Na gwada ta ɗansa, ita ko shiga ba ta yi.

An hana sayar da mai a jarka. Yanzu motar ofis muke kaiwa a cika mata tanki da dizal, mu dawo Alfred ya zuƙo da tiyo. Yau ya haɗiyi kaɗan, ya wuni yana gyatsa yana tsine wa Gwaggo da kakanninta.

Iya ta ce in daina zuwa. Uwa ce, dole ta faɗa. Ta ce maƙwabtanmu na Low-Cost rabi sun kwashe yara sun yi Bauchi, ni kuma ina gadin firij. Na ce mata amana ce. Ta ce ita ma amana ce.

Juma'a, 13 ga Fabrairu, da hantsi

Na shiga Kasuwar Gombe wajen masu fura da nono. Sai an laluba jakarka a ƙofa, kuma kowa na kallon hijabin kowa. Inda mata suka saba cika rumfa, su uku na tarar. Ɗaya daga ciki, Barira, ta san rugar, ƙanwarta a can take aure.

Na ce, "Ina labarin su Bappa Wakili?"

Ta ci gaba da dama furar da ba wanda ya saya. Can ta ce, "Sun tashi."

"Zuwa ina?"

"Malama, sun tashi dai."

Na ba ta lambata. Ta ɗaure takardar a bakin zane ba ta ko duba ba.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Ba mu fita ba, tun safe 'yan bindiga suka shigo gari ana ta harbi. Iya ta ce in rufe tagogi. Na ce a rufe suke. Ta ce in sake rufewa.

Asabar, da yamma

Ya lafa. Jirgin yaƙi na ta zagaye. An ce kada kowa ya fito har sai an sanar.

Alfred na can ofis. Da sassafe ya je zuba wa janareta mai, abin ya rutsa da shi.

Lahadi, 15 ga Fabrairu, da azahar

Alfred ya kira. Biskit yake ci, yana shan ruwan injin tace ruwa, wai ko ɗanɗanon ruwa babu. Yana tayar da janareta ya ɗan yi aiki, ya kashe ya huta, don man ya kai mu.

"Anti Suwaiba, Gwaggo tana gaishe ki. Saba'in da biyu."

"Kada ka buɗe ta."

"Ni mahaukaci ne? Ko kallonta ba na yi da ƙarfi."

Na yi dariya, dariyar ta zo da wani abu daban, na kashe wayar. Matarsa Hilda ta kira ni sau biyu. Ba ni da abin da zan ce mata sai haƙuri, kuma haƙurin ma a bakina ya tsufa.

Litinin, 16 ga Fabrairu

Sittin da takwas. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Laraba, 18 ga Fabrairu, bayan La'asar

An sassauta dokar, na koma. Daga Low-Cost zuwa ofis shinge bayan shinge, a kowanne sai ka sauka daga keke ka ɗaga hannu ka taka. Ban kalli gefen titi ba. Na ce ba zan kalla ba, kuma ban kalla ba.

Alfred ya rame. Na ce ya tafi gida ya yi wanka, warinsa ya fi na janareta.

Esin da ke sanyaya ɗakin Gwaggo ya mutu. Zafi kuma ya fara shigowa. Ita Gwaggo zafin cikinta take turowa waje, in ɗakin ya yi zafi sai ta yi ta nishi ba ta samun sanyin. Na buɗe ƙofa da taga, na jiƙa buhuna na rataya, na saita mata fankar ofishin Farfesa. Ai shi ba ya buƙatarta.

Wayar Bappa Wakili a kashe.

Juma'a, 20 ga Fabrairu, da yamma

Soja ya gane motar. Ya ce wa Alfred wace irin mota ce ke shan tanki guda kullum ba ta zuwa ko'ina? Ya tsugunar da shi a rana. Katin aiki ne ya cece shi, da wani babba a cikinsu da ya taɓa kawo matarsa gwaji. An ce kada a sake ganin motar a gidan mai.

Man da ke cikin duronmu shi ke nan.

Asabar, 21 ga Fabrairu

Kaina ke ciwo. Ban yi komai ba.

Litinin, 23 ga Fabrairu, da azahar

Mun yi faɗa da Alfred. Tun da muka fara aiki tare ba mu taɓa yi ba.

Farfesa ya kira shi kai tsaye, tunda ni na zama mai taurin kai. Mota za ta zo ranar Alhamis.

Alfred ya ce mini, "Anti, ki yi tunani. Matan nan da ke ɓari suna cewa iska ce, in gwajin nan ya fito za a ba su magani. Wa kike karewa? In jinin ya narke, alƙawarin me kika cika?"

Na ce, "Ba kai ka sha nonon ba."

"Ni na kwana huɗu a nan ina jin abin da nake ji ta bayan katanga! Hilda ta haɗa kaya, tana so mu tafi Billiri. Ni ma ina da mutane."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce ya tafi Billirin mana, wa ya riƙe shi? Ya ɗauki hularsa ya fita. Bayan kamar awa ɗaya na ji janareta ya tashi. Ashe yana baya yana wanke filta.

Gaba kura, baya sayaki. In na bari aka kai Jos na zama irin mutanen da suka ji tsoro tun farko. In na hana, ya ruɓe a hannuna. Ni da digirin da nake ta jan ƙafa a kai duk mu bi ruwa, wannan ma ban sa shi a lissafi ba. Ƙarya nake, na sa.

Gwaggo, sittin da ɗaya.

Talata, 24 ga Fabrairu, da safe

Ɗaya daga cikin injinan Gwaggo biyu ya tsaya. Ta yi ta kuka har na cire wayar ƙararrawar. Hamsin da huɗu.

Mai gyaranta a Kaduna yake. Ya ce ko an ba shi Gombe kyauta ba ya zuwa.

Talata, bayan Magariba

Barira ta kira da wayar wani. An ga Bappa Wakili a unguwar Dawaki, gidan wani ɗan'uwansa mai sayar da fata. Ta gaya masa ina nemansa. Ya ce zai zo da kansa.

Na kasa cin tuwo. Iya ta dube ni ta ce, "Ke da kike nemansa, kuma yanzu tsoro kike ji?" Eh, tsoro nake ji.

Laraba, 25 ga Fabrairu, bayan La'asar

Ya zo da hantsi, a ƙafa. Da ba don sandar ba da ban gane shi ba. Rigar jikinsa ta wani ce, ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi shanu, don haka aka saba. Kowace tambaya ya ce, "Jam," wato lafiya. Na yi da na sanin tambayar shanun.

Ya ƙi kujera. Alfred ya shimfiɗa masa kwali a baranda, ya kawo ruwa. Na yi masa bayani dalla-dalla: wuta, mai, injin da ya tsaya, motar da za ta zo gobe. Na ce a Jos akwai firiza mai lafiya, kuma in an gama ni da kaina zan dawo da abin da ya rage. Izininsa kawai nake nema.

Ya dubi ƙasa ya ce:

"'Yata, ranar da na yi magana, bakinsu ne ni. Suna zaune a bayana, kin gan su. Yanzu in na juya ba kowa. Da bakin wa zan ce a kai?"

Na ce, "Bappa, ina suke?"

"Wasu Dukku. Wasu an ce sun haura Adamawa. Waɗanda suka bi ta kogi..." Ya ɗauki kofin ruwan ya ajiye bai sha ba. "Ba mu samu mun koma mun suturta kowa ba."

Alfred ya tashi ya shiga ciki.

Can Bappa Wakili ya ce, "Jinin Jumma yana nan? Uwar 'ya'yana. Ita ta fara miƙa miki hannu."

Na tuna ta. Ta yi mini tsiya wai allurata ta fi ta shanu zafi.

Na ce yana nan, amma ba zan iya nuna masa ba. Ƙa'idar aikinmu ke nan: ba a rubuta suna a jikin kwalba, lamba ake sawa, don kada wani ya san ciwon wani. Mun yi haka ne don mu rufa musu asiri. Sunayen suna kulle a wajen Farfesa, kuma kafin a yarda a buɗe sai kwamiti ya zauna. Na ce zan roƙa. A ware na waɗanda suka rasu a ba shi, na masu rai a kai Jos. Ina faɗa ina jin daɗin dabarata.

Ya girgiza kai. "Ko kin ba ni sunayen, ban san wa ke raye ba."

Ban taɓa jin kunyar ilimina irin ta yau ba. Ba don ya fi ni sanin wani abu ba. Don dai ba abin da ke cikin ɗakin nan, da injinansa da kwalabensa, da zai iya amsa masa.

Ya ce ba zai tilasta mini ba. In na kai Jos ba zai yi Allah ya isa ba, ya san halin da ake ciki. Amma in tambayarsa nake yi, abin da ke cikin akwatunan nan shi kaɗai ya rage da za a iya sa wa ƙasa. Ya ce zai dawo gobe da safe ya ji.

Na raka shi bakin ƙofa. Gwaggo, arba'in da tara.

Laraba, bayan Magariba

Na gaya wa Iya. Ta tashi ta buɗe akwatinta ta ciro farin yadi, cikin wanda ta ajiye wa kanta na likkafani. Ta yanki kamu biyu ta ninke ta sa mini a jaka.

Na kira Alfred. Na ce aikin nasa ne kamar yadda yake nawa, ba zan yanke ni kaɗai ba.

 Ya ce, "Matan da nake cewa za a ba magani, Anti, a ina za mu same su?" Ya ja numfashi. "Zan zo da kula mai riƙe sanyi, a sa akwatunan."

Alhamis, 26 ga Fabrairu, da azahar

Na buɗe Gwaggo da hannuna. Hayaƙin sanyi ya zubo ƙasa, Bappa Wakili ya ja da baya yana salati. Na liƙe bakin kowane akwati, na sa su a leda biyu-biyu, don ko me ake ciki jini jini ne. Na miƙa masa safar hannu. Ya ƙi. Ya karɓi akwatin farko da hannu tsirara, sanyin ya cije shi, bai saki ba.

"A cikin wannan suke zaune tun bara?"

Na ce eh.

"Kai. Mutanen da ko damina ba sa son ta daɗe."

Ya naɗe su a yadin Iya, ya rungume a ƙirji. Kular da Alfred ya kawo haka ta koma ba komai a ciki. Ya ce mini, "Useko, 'yata," na ce ni ce da godiya, ban san ma me nake gode wa ba.

Ni mace ce, ba zan shiga maƙabarta ba. Alfred ya ce zai raka shi, ko don shingayen hanya, shi ke da katin aiki.

Suna fita ba da jimawa ba motar Jos ta iso. Na ba direban abinci, na ce ya juya tun da sauran rana. Farfesa ya kira sau da yawa. A na ƙarshe na ɗauka, na gaya masa. Ya ce na san abin da na yi? Na ce na sani. Ya ce in jira takardar tuhuma. Na ce to, ranka ya daɗe.

Na kashe janareta. Kunnena ya yi ta ƙara shi kaɗai.

Alhamis, bayan La'asar

Alfred ya dawo da jar ƙasa har gwiwa. Ya zauna a kan duron da ba mai ya ba ni labari.

Liman ya ce ba a yi wa jini salla, a dai binne. Mai gadin maƙabarta ya ba su gefe ta wajen katanga. Bappa Wakili ya ƙi a taya shi haƙa, sai da numfashinsa ya gaza sannan ya miƙa wa Alfred fatanya.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce a'a. Da aka mayar da ƙasa, tsohon ya zauna a bakin wurin ya fara kiran suna. Gida-gida ya bi, daga bukkar farko ta gabas har ta ƙarshe, manya da yara. Liman ya gaji ya tafi, mai gadi ya koma inuwa, shi yana nan.

"Kowane suna abu ɗaya yake faɗa, Anti. In ka riga mu, Allah ya jiƙanka. In kana raye, Allah ya nuna maka hanyar gida."

Na ce, "Jumma fa?"

Alfred ya goge fuska da hularsa.

"Ita ma duka biyun ya faɗa mata."